Gida Uku a Santambul

Dillalin yaro ne, Tolga sunansa,
agogonsa ya fi ƙarfin tsintsiyar hannunsa.
Ya ce, "Nermin Hanım, yau kam sai kin zaɓa."
Na ce masa, kai dai ja mota.

Bebek muka fara.
Taga tun daga ƙasa har rufi,
ruwan Bosforus shimfiɗe a ciki kamar an yi masa guga.
Tolga ya faɗi kuɗin da raɗa,
irin ta mai sanar da rasuwa.
Ko gezau ban yi ba.
Shekara talatin da huɗu ina ɗinka wa Jamusawa riguna,
daga keke ɗaya na aro zuwa ɗari biyu nawa na kaina,
lamba ta daina ba ni tsoro.
Matakala ce ta ba ni:
sittin da biyu daga titi zuwa ƙofa.
Na ƙirga. Gwiwata ta hagu ma ta ƙirga,
lissafinmu bai saɓa ba.

Zekeriyaköy kuwa zaɓin 'yata Ilgın ne.
Can arewa, bayan daji, bayan shinge,
bayan mai gadi da ya juya katina gaba da baya
yana neman laifin fuskata.
Wai ƙasar wurin dutse ce zalla, ba ta rawa.
Ilgın ta san lagona:
tun daren girgizar casa'in da tara
takalmina a bakin gado yake kwana.
Ciyawa a aske, tafkin wanka shuɗi shar,
amma ko zani ɗaya ban ga an shanya ba,
ko ƙaurin albasa ban ji daga tagar kowa ba.
Na ce, ina ake sayen burodi?
Ya ce, "Kawowa ake yi."
To, in na faɗi a banɗaki fa,
ihuna ma kawowa za a yi?

La'asar ta same mu a kan gada,
minti arba'in mota na jan ciki.

Kandilli, a tsallaken Asiya.
Tsohon gidan katako, mai tari in an taka shi,
da ɓaure a tsakar gida da ya tsaga dakali.
Ko ƙusa ba a bugawa sai hukuma ta sa hannu.
Wannan gangaren ne Cevdet ke nuna mini daga jirgin fito,
lokacin da shayi ɗaya muke raba wa biyu,
ya ce, "Wancan mai jan rufi naki ne, ajiya na ba su."
Bai jira ya karɓo ajiyar ba.
Tolga na ta zuba a kan darajar fili nan da shekara goma,
ni ina shinshina danshin bango.

Da dare, a kicin ɗina na Zeytinburnu,
na ture takardunsa masu sheƙi gefe,
na ɗauko bayan rasiɗin wuta da fensir.
Yayata Şükran ba ta hawa tasin da wani ya biya,
zumunta kuwa a ƙafa take,
ƙafar kuma ta shekara saba'in da ɗaya.
Zekeriyaköy: hawa uku, da tafiyar ƙasa.
Bebek: hawa biyu, sannan matakalar nan.
Kandilli: jirgin da ke ratsa ƙarƙashin teku,
wanda ta rantse ba za ta shiga ba ko a makara.

Na kira ta. Tana tauna wani abu.
Ta ce, "Sayi mai ƙarancin taga.
Ke ba ki taɓa yarda da gogewar kowa ba,
ƙarshenta ke za ki hau kujera da tsumma."
Ta kashe.

Da safe wayar Tolga ta yi ta kuka a kan firji.
Sai a kira na huɗu na ɗauka.
Na ce, ka duba mini ranar da za a yi ruwa,
ruwa sosai, ba yayyafi ba,
mu koma Kandilli.
Ina so in tsaya a tsakar ɗakin nan da bokiti
in ga ta ina yake yoyo.