Hadarin da Ya Wuce Damagaram

Daren jiya hadari ya taso ta Mirriya,
ya tsaya kan duwatsun Birni kamar zai sauka.
Muka jera bokitai, Zuwaira ta kwashe shanya,
sai ya yi mana yayyafi, ya kama hanya.

Kawu Ciroma, mai auna ruwa a filin jirgi,
ya leƙa ma'auni, bai sami abin rubutawa ba.
Ya ce, ku bar shi, yaro ne, yamma za shi.
Zai ratsa Maraɗi, ya bar Yamai a baya,
kwana biyar ya faɗa teku bayan Dakar.
Can ruwa da ɗumi kamar na wankan jego,
zai sha, ya ƙoshi, ya koyi juyi.

Na ce, in ɗumi ne, ai tsakiyar duniya ta fi.
Ya nuna kaka da mazarinta a gindin bedi:
auduga ba ta zama zare sai an murza.
A ƙugun duniya, kan layin ikwaita,
ƙasa ba ta murza iska ko kaɗan,
hadari ya taru, ya zuba, ya mutu a nan.
Sai an matsa arewa, ko an gangara kudu,
namu ya juya hagu, nasu ya juya dama.

Bayan sati biyu rediyo ta kira shi da suna,
sunan mace, wai ya ɗaye rufin gari guda.
Geronmu kuwa na nan, ganye a naɗe.
Na fita da dare, ina duban gabas.