Mai Awon da Ba Ya Gyara

Ƙarfe biyun dare a Hull. Ruwa na tsiyaya a kwanon masana'anta,
daga ni sai ƙarfen dalma, sai shayin da ya huce tun sha ɗaya.
A gilashin awo wani koren zare na hawa yana sauka,
ba gaɓa, ba tsaga,
kamar gulbin garinmu idan damina ta yi tsaka.

Sai ga wannan baƙin guntu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
ya tare shi ya ce: tsaya a auna ka.
Daga sifili zuwa bolt biyar,
matakala dubu da ashirin da huɗu kaɗai ya sani.
Abin da ya faɗa tsakanin biyu
ya tura shi sama ko ya janyo shi ƙasa.
Mudunsa ba ya tozo.
Ba ya gyara, ko 'yar maƙwabta aka aiko.

Tsoho Pendlebury, mai shekara talatin a bencin nan,
ya leƙo ta kafaɗata:
"Ragowar ba ta kai a ji ba, Barau."
Na ce, to.

Fitilar gwajin da ta yi rabin haske kuwa, ƙarya take.
Kamawa take gaba ɗaya, mutuwa take gaba ɗaya,
sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta.
Tsawaita bugun, ta washe.
Taƙaita shi, ta lumshe.
Lugude ne, taɓarya na bin taɓarya,
ido ne rago, shi ke dame su su zama kunu.

Da asuba Inna ta kira.
Na san abin da aka yi wa muryarta a hanya:
an yanka ta sala-sala, dubbai a daƙiƙa guda,
an mai da kowace sala lamba,
an bi da su ta ƙarƙashin teku,
a tafin hannuna aka sake ɗinke su.
"Lafiya lau nake," ta iso cif, ba wasalin da ya ɓata.

Amma tsakanin lafiya da lau
akwai wani ɗan numfashi da ta saba ja
idan ƙafar ta hana ta barci.
Ban ji shi ba.
Ko ba ta ja ba, ko an zagaye shi zuwa sifili.

Na buga wa allon hatimin ya ci gwaji.
Na zuge rigar sanyi.
Bas ɗin farko bai zo ba tukuna.