Harshena Ya Kasa Karanta Nono

Shekara talatin nake tatsa a Dundaye,
harshena ne alƙalin ƙwarya.
In saniya ta faɗa lambun albasa a bakin Rima,
da safe nono zai tona mata asiri.
In ta ci tafasa, na sani.
In ta kwana kan harawar wake,
garɗi ya hau har bakin ludayi.

Bana rani ya yi tsawo,
burtali ya zama gonar wani,
damin harawa ya fi ƙarfin ƙullin zanena.
Na shiga Kara wurin Bube Mai Dusa,
ya haɗa mini ƙulin auduga da ɓarzajjiyar masara.
Yana ɗinke bakin buhu ya ce,
"Wagga masara ba irin taku ta ba, Inna Luba,
an shiga cikin ƙwayarta an yi gyara,
tsutsa ta cije ta, ta mutu."
Ya faɗa kamar mai yabon ɗansa.
Na biya. Na hau kabu-kabu da maganar a ƙirji.

Tsutsa ta mutu. To, saniya fa?
Saniya ta lashe daro tas,
gashinta ya kwanta, hantsa ta cika.
Na tatsa, na kurɓa, na riƙe a baki
kamar mai jiran a kira sunanta.
Shiru.
Nono fari sol, bai ce komai ba.

Jikata Hassi, mai farar riga a jami'a,
ta ɗebi kaɗan a 'yar kwalba.
Kwana tara ta dawo da takarda.
Ta ce, "Kaka, cikin saniya ɗaki huɗu ne, duk niƙa suke,
abin da ya tsira bai kai ƙurar kan allura ba,
wani awon ya gani, wani bai gani ba."
Na ce, "Yana cutarwa?" Ta ce, "Ba mu ga alama ba."
Na ce, "To ya tafi ke nan?"
Ta gyara mayafi.

Yanzu a tashar Illela
direba ya miƙo kwano,
mai goyo ta ce a ƙara wa yaro.
Ina aunawa, ludayi biyu da gyara.
Da can in an ce me saniyar ta ci,
da haɓa nake nuna fadama.
Yau sai in nuna buhu,
buhun kuwa da rubutun da ban iya ba.

Na ɓoye dami ɗaya a kan rumfa.
Ranar Juma'a nake warware mata kaɗan,
Asabar in kurɓa kafin kowa,
kada harshena ya manta hanyar gida.