Tabo a Faifai

Na farkon da kuɗin albasa na saye shi.
Ina yaron mota, gemu bai fito ba,
kwana tara bisa buhunan Galmi har Abijan.
Ba ni da garmaho. Ɗaki ma ba ni da shi.
Wata bakwai ina yawo da abina cikin riga,
baƙi wuluk, kunya-kunya kamar gonar da aka huɗe,
ina bin layukan da farce,
ina kintacen abin da aka shuka ciki.

Da na dawo Tawa,
Nomau tela kaɗai ke da garmaho a Bilbis.
Ya hure allura, ya aza.
Sai ƙas-ƙas, kamar kaza na tono bayan danga,
sannan ƙaho ya buɗe baki.
Ban san yaren ba, har gobe ban sani ba,
amma na tarar da kaina zaune a ƙasa,
ba wanda ya ce in zauna.

Yau ɗari huɗu ne da sha ɗaya.
Na Lome, na Kutonu, na Kano,
da na kantin wani Balarabe a Yamai da ya karye
ya sayar da su dala-dala.
Akwai wanda na bada bargona a kansa,
na sha sanyin hanya, ban yi da-na-sani ba.
Ranar Adar ba ta san wasa ba:
ta tanƙwara mini shida cikin mota kamar gurasa.
Tun ran nan na bar musu ɗakin laka, gefen randa,
ni na fitar da tabarmata tsakar gida.

Sahiya ba ta taɓa tambayar kuɗinsu ba.
Ranar sunan Zuwera, bayan an watse,
ta ɗaure zane, ta ce sa mini wancan mai jan tambari.
Ta taka, ta juya, ƙugunta ya bugi tebur,
allura ta zame, ta ja tabo.
Na ɗaure fuska kwana biyu.
Tun daga nan in mawaƙin ya kawo wurin sai ya yi tuntuɓe,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
sai an sa yatsa an tura shi gaba.

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai ta makwanci.

Jiya Illa, ɗan Zuwera, ya zo da wayarsa.
Ya ce Kaka, bar wahala, duk suna nan ciki.
Kafin in kurɓi shayi ya lalubo waƙar,
fes, kamar an wanke ta da sabulu.
Mawaƙin ya kawo wurin, ya wuce abinsa,
ko waiwaye bai yi ba.
Na ce kashe, jikana.
Wannan bai taɓa shiga gidanmu ba.

Allura ɗaya ta rage mini, ita ma ta dakushe.
Na zagaye kasuwar Lahadi rumfa-rumfa,
yaran sai dariya, suna nuna mini layin teloli.
Kunnen hagu injin mota ya cinye shi tuntuni,
na dama yana shirin bin ɗan'uwansa.
In an ɗauke wuta ana cikin kiɗa,
muryar kan yi kauri, ta ja ƙafa, ta kwanta.
Nakan ce da ita: na gane, ni ma haka.

In na kau, na san yadda za a yi.
Wata za ta rufe ƙwaryar fura da na Kutonu,
faifai dai faifai ne, ban hana ba.
Mai jan tambarin nan kawai, Illa,
ka aza shi ko sau ɗaya a shekara.
In ya kawo wurin tuntuɓen,
kada ka yi saurin sa yatsa.
Kakarka ce ke rawa.