Tiredar Kawu Cindo

A Auyo, inda hanyar kasuwa ta karya kwana,
nan tiredar Kawu Cindo take, taku huɗu ce tsawonta.
Ranar da aka kawo ni zama wurinsa
na ɗauka bola ya tara a ƙofa.

Wilin keken da ya mutu tun ba a haife ni ba
ya rataye da igiyar rama a bakin rumfa.
Kowane tsinke da lodinsa:
omo, madarar ƙulli, ganyen shayi, reza.
In iska ta taso daga fadama sai ya juya,
yara su bar aike su tsaya,
har kuɗin hannunsu ya tuna da alawa.

"Kaya bebe ne," in ji shi.
"Kai za ka ara masa baki."

Gorar su da ta gaji da kogi
ya fafe mata taga a ciki,
ya jera kifin gwangwani, kai da wutsiya.
Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Gida suka dawo."
Kwalayen ashana kuwa kunya-kunya
a ƙarƙashin tsohuwar galma,
kai ka ce jira suke a yi ruwa.

Akwai fitilar ƙwai marar lagwani,
cike da alawa ja da kore.
Da la'asar rana kan leƙo ta cikinta,
sai ta kama ba da kananzir ba.

Sai turmin.
Baƙi ne, tsaga ta sauko masa daga leɓe har gindi.
A ciki yake gina sabulu hawa-hawa
har ya tumbatsa kamar gero ranar suna.
Mata ba sa wuce shi ba su shafa ba.

Wata damina ɗan gidan Barau ya buɗe shago tsallaken titi,
akwatin gilashi daga Kano, da ƙwan sola.
Kawu ya tsallaka, ya sa albarka,
ya dawo ya ce mini,
"Na leƙa kayansa, fuskata na gani."
Mako guda garin ya koma can.
Kawu bai ce uffan ba, mai kawai ya ɗiga wa wili.
A na biyu yaran suka dawo ɗaya-ɗaya,
can babu abin da ke juyawa.

Wani baƙo ya taɓa tsai da mota domin ruwan leda.
Ya zaga turmi sau biyu, ya ɗauki hotonsa,
ya ce otal ɗinsa na son irin wannan a zaure.
Ya taya kuɗin da ya fi kayan tiredar duka.
Ni har na fara lissafin kwanon rufi.
Kawu ya ce, "Sabulun ɗari uku ne.
Turmin yana bakin aiki."

Daren nan na gan shi ya kwashe sabulu ɗaya-ɗaya,
ya zura hannu har gwiwa
yana shafa ramin da taɓarya ta ci shekara talatin tana haƙa.
Ban san Inna Tabawa ba.
An ce ana jin dakanta daga bakin kogi.

Yanzu yana ta rufe idonsa, ni ke jeri.
Yakan zauna a benci ya bi da tafin hannu,
ya tura gwangwani ɗaya baya,
ya juya fitilar ta kalli yamma.

Jiya na fasa cikin tsohuwar rediyonsa,
na jera batura a inda murya take fitowa.
Ya laluba, ya laluba, ya daɗe shiru.
"Ɗaga mata eriya," ya ce,
"kada mutane su zaci ta mutu."