Cinikin Biri a Sama

Ranar Alhamis, a bene na biyu na kotun Toledo,
na ɗaga hannu sau uku.
A na ukun guduma ta sauka.
Mai gwanjo ya ce, "Naki ne," ko kallona bai yi ba.
Dala dubu talatin da ɗaya.
Shekara goma sha tara ina tuƙin bas, tun asuba,
ina tara su da kaɗan-kaɗan, kamar tururuwa.

Ba a barin kowa ya shiga kafin ya saya.
Daga bakin titi na gan shi:
fari, mai baranda, itacen tuffa yana leƙen taga.
Yayana Thaddeus ya ce, "Marvella, araha ba ta ado."
Na ce masa hassada ce ke cinsa.

A gwanjo ba a ba da mabuɗi, takarda ake bayarwa.
Na ɗauko mai fasa kwaɗo.
Wari ne ya fara yi mana maraba.
Bango a farke kamar cikin kifi,
ɓarayin tagulla sun zare bututu da waya
har jijiyar ƙarshe.
A ɗakin ƙasa ruwa ya kai gwiwa,
ƙanƙara ta yi masa murfi,
keken yaro a daskare a ciki, taya ɗaya a sama.

Wasiƙu sun taru a bayan ƙofa.
Na zauna a matakala ina buɗewa da hannu mai rawa.
Kuɗin ruwa na shekara huɗu.
Tarar ciyawar da ba a yanke ba.
Wani Dombrowski da ya yi rufi ba a biya shi ba
ya rataya bashinsa a wuyan ginin.
Ashe a nan bashi ba ya bin mai shi.
Gida yake bi,
ya zauna a bakin ƙofa kamar kare
yana jiran duk wanda ya shigo.

Sai na ji tari a sama.

Tsoho ne, cikin kwat biyu da hular ulu,
risho na ci a gabansa, gwangwanin wake a kai.
Alphonse Ridgeway, ƙanin marigayiyar mai gidan.
Babu sunansa a takarda ko ɗaya.
Ya ce, "Ke ce bankin?"
Na ce a'a.
Ya ce, "To, ke wace ce?"
Takardar mallaka tana aljihuna,
amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Lauya ta ce abu ne mai sauƙi:
sa hannu a nan, 'yan watanni, dala dubu biyu,
jami'an kotu za su fitar da kayansa bakin titi.
Ba ta san ina da shekara tara
aka jefa katifar mahaifiyarmu a kan ƙanƙara ba,
a titin Lagrange,
maƙwabta na kallo ta bayan labule,
ni ina rungume da agogon bango, yana ta tafiya.

Yau wata biyu ke nan.
Har yanzu ina biyan haya a inda nake.
In na ajiye bas da yamma
nakan kawo miya a kwano mai murfi.
Shi yake nuna min inda rufi ke yoyo,
bokiti bakwai, kowanne ya san wurinsa.
Ya ce tuffar tsami gare ta, sai an dafa da sukari.

Thaddeus ya bugo jiya: "Yaushe za ki tare?"
Na ce sai ruwan ƙasa ya narke.
Takardar lauya tana cikin jakata, ta fara laushi a lanƙwasa.
Biro ma yana ciki.
A sama bokiti na uku ya cika,
ina jin tsohon ya tashi zai zubar.