Kafin Tasi'u Ya Naɗe Tsire

Da magariba nakan tsaya a Fagge
gaban tukubar Tasi'u,
ba nama ke kawo ni ba.
Shi yakan sayi tsofaffin mujallu a kilo
daga gidajen da aka gama rabon gado,
ni kuma in fanshe su
kafin mai da ƙuli su cinye fuskokin.

Ta farko da na samu, sule biyu ne kuɗinta,
an buga a kusurwa da jar tawada.
Mai zanen bai sa suna ba,
sai ɗan tsuntsu a ƙasan bango.
Ya zana mace ɗauke da keken ɗinki a ka,
ɗaurin kallabin da yanzu ba mai yin sa,
shuɗin zanenta ya koɗe ya koma ruwan toka.

Ladidi ta ce gara nake kiwo.
Na sa ganyen darbejiya tsakanin shafuka,
na ɗora akwatin kan bulo huɗu
don ruwan Agusta ba ya sallama.
Ɗari da goma sha bakwai ke nan.
Uku ɓera ya ɗanɗana.

Ran Laraba
har ya yage tsakiyar wata ya naɗe wa wani na ɗari biyar,
na riƙe hannunsa.
Wannan bangon hoto ne, ba zane ba:
titin tashar jirgin ƙasa, shekarar da aka koma tuƙin dama,
ɗan sanda a tsakiya da farar safar hannu.
Ba shi na kalla ba.
Can gefe, inda mai hoton bai nufa ba,
wani mai facin keke ya durƙusa,
ya tsoma tiyub a kwanon ruwa yana jiran kumfa,
hularsa a karkace.

Mahaifina bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.
Yakan ce wanda ya san ni, ya san ni.

Da safe na kai wa Inna a Yakasai.
Ta fito da ita bakin ƙofa, wajen haske,
ta daɗe tana goge ɗigon mai da gefen mayafi.
"Ba shi ba ne," ta ce,
"shi da gwiwar hagu yake durƙusawa."

Amma ba ta miƙo mini ba.
Har yau ɗari da goma sha bakwai gare ni.